Kalangu a ɗaki mai ƙafa 12: yadda makirfo ke fito da kiɗa, da yadda yake kashe shi

DUK wanda ya taso da kallon finafinan Hausa ya san cewa tun fitowar Sangaya a 1999 kunnen 'yan kallo ya saba da abu ɗaya, wato fiyano. Kalangun da ake ji a waƙar fim, da gangar, da sarewar, kai har da tafin, kusan duk daga cikin fiyanon Yamaha suke fitowa, yatsun mutum ɗaya ke danna su. Ba haka aka faro ba. A farkon shekarun 1990, bayan fitowar Turmin Danya, makaɗan gargajiya ake nema su yi wa fim kiɗa, musamman 'yan koroso. Sai da situdiyon Iyan-Tama da ke Kano ya kawo fiyano samfurin PSR a tsakiyar shekarun nan, sannan furodusoshi suka ga ashe mutum ɗaya zai iya yi masu aikin ayari guda, cikin sauri kuma da araha. Daga baya kwamfuta ta shigo da su FL Studio da Cubase, makaɗa kuwa aka bar su da gidan biki da filin dambe.

Fiyano ya yi wa industiri rana, wannan ba a musu. Amma akwai abin da ya gagare shi har gobe. Kalangu magana yake yi. Makaɗi zai matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har mai jin Hausa ya tsinci kirari ko habaici a ciki ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Ko da mai fiyano ya murza 'yar tayar nan da ke lanƙwasa murya, kunnen da ya saba da kalangun Alhaji Mamman Shata ba ya ruɗuwa. Shi ya sa duk lokacin da darakta ya tashi yin fim na sarauta, ko na ƙauye, ko na tarihi, in dai yana son abin ya shiga jikin mutane, sai hankalinsa ya koma kan makaɗi na gaske.

A nan ne matasan garuruwa irin su Gaya da Ajingi ke da abin da 'yan Zoo Road ba su da shi a kusa. Mutum in ya bar Kano ya bi ta Wudil ya nufi Dutse, ƙasar noma ya shiga, inda ganga da kalangu ba su zama kayan tarihi ba. Da kaka ta yi, an kai amfani gida, sai bukukuwa, sai dambe da kokawa, kowanne da kiɗansa. Gaya dai tsohon gari ne. A tarihin Kano ma an ce daga can maƙeran nan Abagayawa suka taso suka zo Dala neman tama. A dokar masarautu ta 2024 kuma an haɗa Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashin masarauta ɗaya. To matashin da ya tara 'yan kuɗinsa ya kama shago a irin wannan wuri, ya ajiye kwamfuta da lasifika yana ɗaukar waƙar biki da ta siyasa da ta fim, makaɗi ba ya yi masa wuyar samu. Wataƙila ma maƙwabcinsa ne. Abin da ke ba shi wahala shi ne shigar da kiɗan cikin kwamfuta ya fito yadda kunne ya ji shi a dandali.

Sau da yawa ba ya fitowa. Za a yi kiɗa mai tayar da tsikar jiki, a kunna a saurara, sai a ji kamar ana dukan kwali a cikin rijiya. Daga nan sai a ɗora wa makirfo laifi, a ce ai na 'yan Legas ya fi tsada, a koma wa fiyano. Alhali galibi makirfon bai yi komai ba.

Ɗakin shi ne abokin gaba na farko

A dandali, in aka bugi kalangu sautin tafiyarsa yake yi, ba ya dawowa. A ɗaki kuwa bango ke tare shi ya maido shi. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, don haka a ɗaki mai faɗin mita 3 zai je bango ya dawo, ya sake komawa, sau da dama kafin ƙiftawar ido. Kunne ba ya jin wannan a matsayin amsa-kuwwa irin ta cikin dutse, saboda ya yi sauri da yawa. Abin da ke faruwa shi ne sautin da ya dawo yana cakuɗewa da na asali a bakin makirfo, wani sashe ya ƙaru, wani ya shafe. Wannan ne ke kawo muryar kwalin nan.

Mafi muni shi ne ɗakin da magina suka fi so, mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Kowane ɗaki yana da muryoyin ƙasa da yake kumburawa gwargwadon tazarar bangayensa. A ƙafa 12, abin na faɗawa wajen kaɗawa 47 a daƙiƙa, da 94, da 141, wato daidai unguwar da babbar ganga ke zaune. Tunda tsawo da faɗi ɗaya ne, sai kumburin ya ninka. Mutum zai tsaya a lungu ya ji gangar na neman fasa masa ƙirji, ya dawo tsakiyar ɗaki ya ji ta rame. Saboda haka wurare biyu ne ba a zaunar da makaɗi ko a kafa makirfo: cikin lungu, da tsakiyar ɗaki cif. A ɗan goce gefe, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin.

Sai batun kiret ɗin ƙwai. Kusan duk ƙaramin situdiyon da aka shiga za a tarar an manne bango da shi, wani har da fenti. Gaskiyar magana, ado ne kawai. Takarda ce marar kauri, ba ta tare ƙarar waje, ba ta kuma shanye muryar ganga. Soso marar kauri shi ma ƙarar sama kaɗai yake sha, ya bar ta ƙasa tana yawo, ɗaki ya ƙara dushewa. Abin da ke aiki kauri ne da nauyi: tsohuwar katifa a jingine a lungu, bargo mai nauyi a rataye shi da ɗan rata tsakaninsa da bango, kafet ko darduma a kan siminti, buhunan tsumma a kusurwa. Ba sai an rufe ko'ina ba. In bango biyu na kallon juna, a rufe ɗaya. Gwajin ba shi da wuya: a tsaya a yi tafi ɗaya mai ƙarfi. In an ji wani zirrr ya biyo baya kamar an taɓa waya, da sauran aiki.

Wani abin da zai ba 'yan birni haushi: tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi shagon bulo mai rufin kwano daɗin ɗaukar kiɗa. Katangarsa na da kauri, tana rage ƙarar babur da injin niƙa, fuskarta kuma ba sumul take ba, don haka ba ta maido da sauti a dunƙule. Rufin kwano marar silin kuwa shi kansa ganga ne, yana amsawa in an yi bugu mai ƙarfi, in ruwa ya sauko kuma sai a tashi aiki. Sai dai a kula da soro mai ɗaurin guga, domin rufi mai lanƙwasa yana tattara sauti ya zuba shi a tsakiya.

Wane makirfo?

Iri biyu ne a hannun mutane. Akwai dainamik, irin wanda mai wa'azi ko sanƙira ke riƙewa a taro. Akwai kwandansa, mai ƙaton kai, wanda mawaƙan fim ke tsayawa a gabansa a hoto da hedifon a kunne. Shi kwandansa sai an ba shi wuta mai ƙarfin bolt 48 daga miksa ko akwatin shigar da sauti kafin ya yi aiki, kuma jinsa kamar na maciji: fanka, janareto, kukan akuya a bayan gida, takun mai tallar ƙosai, duk zai kwaso. A babban situdiyo da aka gyara, wannan jin nasa alheri ne. A ƙaramin ɗaki kuwa, bangon zai fi ji fiye da kalangun.

Yawancin masu ƙaramin situdiyo kwandansa ɗaya suka mallaka, don shi ake saya saboda murya, shi kuma suke tura wa makaɗi. A nan ake fara ɓata rawa da tsalle. Dainamik ya fi dacewa da bugu a kusa: yana jure ƙara, ba ya kwaso na nesa sosai, in makaɗi ya kuskure ya make shi ba lallai ya mutu ba. Wanda duniya ta fi sani a wannan aiki shi ne Shure SM57, wanda aka fara fitarwa a 1965 kuma har yau ana ƙera shi. Ƙanensa SM58, na 1966, shi ne mai kan ƙwallon raga da ake gani a hannun mawaƙa. Cikinsu kusan ɗaya ne, don haka wanda ke da 58 kada ya ce ba shi da makirfon ganga. Don babbar ganga mai zurfin murya akwai irin su AKG D112 da Sennheiser MD 421, amma waɗannan sai mai hali. Jabun SM57 da SM58 sun cika kasuwa, kwalinsu har ya fi na gaske ƙyalli. In an ji farashin ya yi daɗi da yawa, to a yi hattara.

Abu ɗaya da ya kamata kowane yaron situdiyo ya haddace: irin waɗannan makirfo gabansu suke ji, gefensu kaɗan-kaɗan, bayansu kuwa kusan kurame ne. Ke nan kafa makirfo aiki biyu ne a lokaci ɗaya. Ana duba abin da bakinsa ke kallo, ana kuma duba abin da ya juya wa ƙeya. Taga, ƙofa, ɓangaren da janareto yake, da makaɗin da ya fi kowa ƙara, su ake ba ƙeya.

Inda kalangu ke so a tsaya masa

Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa makirfo dab da fata, wai don kiɗa ya fito da ƙarfi. Abu uku ke biyo baya. Na farko, irin wannan makirfo in ya matso abu sosai yana ƙara masa kauri na ƙarya, sai kalangu ya koma gunji. Na biyu, ƙarar sandar kiɗa a kan fata, ƙwas-ƙwas ɗin nan, ita za ta danne muryar da tsarkiya ke juyawa, alhali ita ce maganar. Na uku, mai kalangu ba gunki ba ne. Kalangun a hammatarsa yake, yana matsawa yana saki, kafaɗa na motsi, in kiɗa ya yi daɗi har rangaji yake. In makirfo na nesa da fata da yatsa uku, ya gusa da yatsa uku, tazarar ta ninka, sauti ya faɗi warwas. In kuwa tazarar taƙi ɗaya ce zuwa biyu, wannan ɗan motsin ba zai yi wani tasiri ba.

To a ba shi taƙi ɗaya zuwa biyu, wato santimita 20 zuwa 40. Kada bakin makirfon ya kalli tsakiyar fata kai-tsaye. A karkata shi ya kalli tsakanin tsakiya da baki, ta ɓangaren da hannun makaɗi ba ya bi. Tsakiya bugu take bayarwa, gefe kuma amo. In an ji ƙwas ya yi yawa, a ƙara karkatawa. In an ji ɗaki ya fara shigowa, a matso kaɗan. Kafin ma a taɓa makirfon, injiniya ya toshe kunne ɗaya da yatsa, ya zagaya makaɗin yana kiɗa, ya durƙusa, ya miƙe, har ya sami inda kalangun ya fi yi masa daɗi da ɗayan kunnen. Nan ne wurin. Makirfo kunne ɗaya gare shi, shi ya sa ake toshe ɗaya.

Kalangu baki biyu ne da shi, sai wasu su ce bari a sa wa kowane baki makirfonsa. Ana yi, amma akwai tarko. Lokacin da aka bugi fatar gaba ta shige ciki, ta baya waje take turowa. Makirfon gaba na jin iska ta ja baya, na baya na jin ta taho, in an haɗa su sai su cinye juna, kiɗa ya fito siriri kamar an tsotse shi. Maganin maɓalli ɗaya ne, mai alamar Ø, a miksa ko a cikin kwamfuta, wanda ke juya ɗaya daga cikinsu. A danna, a saurara, a sake dannawa, a bar shi a inda kiɗan ya fi cika. Wanda bai gane wannan ba gara ya tsaya a makirfo ɗaya, ya fi masa rufin asiri.

Ganga ta fi son a ba ta fili, kamu ɗaya ko fiye, domin muryarta ba ta haɗuwa sai ta ɗan yi tafiya. Kuntuku kuwa, ɗan ƙaramin nan mai tsiwa, ba ya buƙatar makirfo nasa sam. Ko an kai shi bakin ƙofa sai ya shiga na kowa. A zaunar da mai shi can nesa, a ba shi ƙeyar makirfon kalangu, zai fito daidai.

Kiɗan ƙwarya, irin na amada da marigayiya Barmani Choge ta yi suna da shi, nasa daban ne. A ƙasa ake yin sa, bugun na bin siminti ya hau ƙafar sandar makirfo ya shiga a matsayin gurnani. A ɗora ƙafar sandar a kan soso ko matashi. Babbar ƙwaryar da ake kifawa a ruwa kuma tana fantsama, don haka makirfo ya tsaya daga sama a gefe, wayoyin wuta kuma a ɗauke su daga ƙasa gaba ɗaya. Wannan ba maganar daɗin sauti ba ce, maganar rai ce.

Makirfo biyu da zare

To in ayari ne guda, kalangu biyu, kuntuku, ganga, ga kuma makirfo biyu kacal? Ba abin kunya ba ne. Glyn Johns, injiniyan Ingila da ya ɗauki faifan farko na ƙungiyar Led Zeppelin wanda ya fito a 1969, ya yi suna ne da ɗaukar tarin ganguna da makirfo uku ko huɗu, har yau ana kiran dabarar da sunansa. Sirrinta awo ne: manyan makirfo biyun su kasance tazararsu ɗaya daga gangar da ke tsakiyar kiɗan, don bugunta ya iso masu a lokaci guda. A ɗakin Gaya ko Ajingi, uban kiɗan shi ne babban kalangu. A ɗauki zare, a auna daga fatarsa zuwa makirfo na farko, a auna daidai wannan zuwa na biyu. Shi ke nan, ko tef ɗin tela ba a buƙata.

In kuma kowane makaɗi za a ba shi nasa, akwai ƙa'idar uku-da-ɗaya: tazarar da ke tsakanin makirfo biyu ta ninka tazarar kowanne daga gangarsa sau uku. In taƙi ɗaya ne daga fata, to taƙi uku ko fiye tsakaninsu. A ɗaki mai ƙafa 12, da makirfo sun yi yawa wannan lissafi ya fara gagara, kowanne na satar kiɗan ɗan'uwansa. Yawan makirfo a ƙaramin ɗaki yawan rigima ne.

Tsofaffin waƙoƙin su Shata da Ɗanƙwairo da aka ɗauka a gidajen rediyo ba da tarin na'urori aka yi su ba, amma har yau ana jin kowane makaɗi a wurinsa. Makaɗan da kansu suke daidaita kiɗan: mai ƙara ya ja baya, mai taushi ya matso, kowa ya san lokacin da zai rage hannu don waƙa ta fito. Ayarin da ya shekara da shekaru yana kiɗa tare ya riga ya zo da miksarsa a hannu. Yaron situdiyo da ya raba su, ya ce kowa ya shigo shi kaɗai ya yi nasa, sau da yawa ya zubar da abin da ya kira su dominsa.

Sauran abin da ke ɓata aiki

Ƙarfin shigar sauti: makaɗi in an ce ya gwada, a hankali yake bugawa. Da waƙa ta kama shi sai hannu ya buɗe, jan layi ya kunna a kwamfuta, sauti ya fashe, fasasshen sauti kuwa ba ya ɗinkuwa. A ce masa, “Baba, a buga kamar ana filin dambe,” a saita a kan wannan, sannan a ƙara ragewa kaɗan.

Fata kuma tana bin yanayi. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, murya ta hau. Da damina ta saki. Ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, aka kashe fanka, mutum biyar na gumi a ciki, damina ce ƙarama. Bayan ɗan lokaci gangar da aka fara da ita ba ita ce ake ji ba, in an zo haɗa farkon waƙa da ƙarshenta sai a ji sun saɓa. A riƙa tsayawa ana buɗe ƙofa, mutane su sha iska, mai ganga ya kai ta rana ta ɗan gasu. Janareto kuma a kai shi nesa iyakar tsawon waya, a bayan wani gini in da hali, kada a ajiye shi jikin bangon ɗakin.

Akwai kuma rigimar hedifon. Waƙar fim a kan ma'aunin kwamfuta ake gina ta, bugu ba ya gaba ba ya baya. Dattijon da ya yi shekara talatin yana bin bakin mawaƙi da ƙafar 'yan rawa, in aka toshe masa kunnuwa biyu aka sakar masa ƙyas-ƙyas ɗin ma'auni, sai kiɗansa ya sandare. Wasu kan ba shi kunne ɗaya, ɗayan a buɗe don ya ji kalangunsa. Sai dai a rufe wanda aka cire ɗin da kyau, in ba haka ba ƙarar za ta zurara cikin makirfo. Hanyar da ta fi ita ce a juya tsarin: a fara ɗaukar makaɗa da mawaƙi yana yi masu jagora a hankali, daga baya mai fiyano ya bi sawunsu. Ya fi wahala, amma kiɗan na numfashi.

Sannan haƙƙi. Da zarar kalangun mutum ya shiga kwamfuta, ana iya yanko bugu huɗu a ciki a yi ta maimaitawa a waƙa goma, a tura wa abokai a Kano su ma su yi ta amfani da shi, mai kalangun yana can ƙauye an sallame shi da kuɗin yini ɗaya. In za a yi haka, a gaya masa tun farko a yi ciniki a kai. Kuma a jerin sunayen ƙarshen fim, inda ake rubuta mai kwalliya da mai abinci da direban mota, ba a rasa layin da za a sa sunan wanda ya yi kiɗan.

Kafin makaɗa su tashi, a tura abin da aka ɗauka cikin waya a saurara. Yawancin masu jin waƙar fim yau ta lasifikar waya suke ji, ko a YouTube ko wadda aka tura masu a memori, ita kuwa lasifikar waya ba ta fitar da muryar ƙasa. Gangar da ke girgiza situdiyo tana iya ɓacewa ɗungurungum a can. In an kunna an ji hawa da saukar kalangun, har wanda ke bakin ƙofa ya gane kirarin da ake yi, to a sallami makaɗa. In ƙwas-ƙwas kawai ake ji, a ja makirfon baya da yatsa huɗu, a ƙara karkata shi gefen fata, a roƙi Baba ya sake zama.